Murfin da Baba Ya Rufe

A layin masu gyaran kwamfuta babu mai kiransa da sunan yanka. Tsohon Hannu kowa ke ce masa, shi kuma yana amsawa da jin daɗi kamar wata sarauta aka ba shi. Shagonsa ne na ƙarshe kafin kwana, ɗan matsattse, da dogon tebur ɗaya, da fitila mai wuyan lanƙwasawa, da tsohon gwangwanin madara cike da notuna waɗanda shi kaɗai ya san cikin wace na'ura kowanne ya fito. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Amma taurin kai, kai jama'a! In ya ce abu kaza ne, ko shaidu za ka tara masa sai dai ka gaji ka kama gabanka.

'Ya'yansa duk sun watse, kowa na can inda abincinsa ya kai shi. Auta ce kaɗai ta rage a garin, ita ma tana gidan mijinta can ƙetaren gari. Aikinta zanen gine-gine ne a wani ofishi. Tana zana gini a kwamfuta tun ba a haƙa tushensa ba, har mai gini ya gan shi kamar an gama. Haka dai ya ji ana faɗa, don shi bai taɓa zama ya kalla ba.

Abin da ya sani shi ne, Auta ba ta zuwa shagonsa sai kwamfutarta ta yi ciwo. Shi ya haɗa mata ita da hannunsa tun tana makaranta, a cikin wani baƙin akwati na ƙarfe, kuma tun daga lokacin duk abin da ya same ta wurinsa ake kawo ta. Ranar da aka kawo, Auta za ta zauna a kan kujerar robar da ke bakin ƙofa, yana aiki tana ba shi labari, shi kuma yana jan aikin da gangan don kada ya ƙare da wuri. Yana son yarinyar nan son da bakinsa bai iya faɗa ba. Kuma yana tsoro, tsoro na gaske, cewa duk ranar da kwamfutar ta fi ƙarfinsa, to ranar ce Auta za ta daina taka layin.

Wata safiya ta shigo da sallama, babu akwati a hannunta, sai waya.

“Baba, katin hoton nan ya gaji,” in ji ta bayan sun gaisa. “In na sa shi haɗa bidiyon gini, sai in je in sha shayi in dawo yana nan yana nishi.”

Katin hoto shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta, kuma ga mai irin aikin Auta shi ne jakin da ke ɗaukar kaya. Ta miƙa masa wayar ya ga guda biyu da ta ware. Ƙarfinsu ɗaya, kamfanoninsu ne daban. Ɗaya mai tambarin giwa ne, ƙato, da fankoki uku a jere. Ɗayan mai tambarin barewa, siriri, fanka biyu.

Tsohon Hannu bai ko tsaya dogon kallo ba. Ai shi da 'yan giwa amana ce tun yana saurayi. A bakinsa, kayansu ba sa zafi, ba sa ƙara, ba sa kunyata mutum a gaban mai kaya. 'Yan barewa kuwa sau ɗaya wani katinsu ya taɓa ƙonewa a hannunsa, tun Auta na rarrafe, kuma har yau bai yafe musu ba.

“Mai giwa za ki saya,” ya ce.

“Ni kuwa mai barewar ya fi kwanta min, Baba. Na auna akwatin, na ga kamar mai giwar ya yi faɗi.”

“Kin auna!” Ya sauke tabaransa zuwa kan hanci. “Akwatin da ni na haɗa shi za ki auna min? Ke Auta, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Zai shiga, har da sauran wuri.”

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ta fasa, ta yi murmushi. “To Baba. Yadda ka ce.”

Da katin ya iso, sai aka ga Tsohon Hannu a ranarsa. Ya kwantar da akwatin a tebur, ya kwance murfin gefe ya jingine shi da bango, ya jawo wuyan fitila. Ya zare tsohon katin a hankali, ya hure ƙurar ramin, ya zura sabon har ya ji ya zauna daram. Ya shiga kuwa, ba ƙarya. Ya jona masa igiyar wuta mai kauri a gefensa na sama, ya danne ta da babban yatsa. Sannan ya ɗora masa gwaji mafi nauyi da yake da shi, ya bar shi yini guda yana gudu. Ko gezau.

To, yana da wata ɗabi'a da ya daɗe a kanta. Ba ya rufe murfin na'ura sai mai ita ya zo ya ga aikin da idonsa, don kada gobe wani ya ce an musanya masa kaya. Har 'yarsa ta cikinsa bai ɗauke wa wannan doka ba. Da Auta ta zo ya haska mata ciki da fitila, ta leƙa ta yaba, sannan ya ɗauko murfin. Murfin ya ɗan yi gardama. Ya ce tsufa ne, ƙarfe ma yana tsufa, ya danne shi da tafin hannu ya ɗaure notunan. Ya kunna ta sau ɗaya ya ga hoto ya fito, ya kashe, ya rako ta har bakin tasi yana ta yi mata huɗuba a kan 'yan giwa.

Ba a jima ba ta kira shi.

“Baba, tana aiki lafiya in rubutu nake ko zane. Amma da na sa ta haɗa bidiyo, sai ta yi nisa, kawai fuskar ta yi baƙi ƙirin. Fankokin su yi ta ihu, babu hoto.”

“Kawo ta,” ya ce, kuma kada in ɓoye muku, har da ɗan farin ciki a muryarsa.

Ta kawo. Ya kwantar da akwatin, ya kwance murfi, ya bi duk wata igiya yana dannawa da yatsa kamar yadda ya saba kafin ya fara komai. Ya ce laifin tsohuwar manhajar da ke tuƙa katin ne, wadda 'yan sana'a ke kira direba, ta tsohon katin ce ke faɗa da ta sabon. Ya share ta tas, ya zuba sabuwa, ya yi gwaji. Kwamfuta lafiya lau kamar ba ita ba. Auta ta ɗauka ta tafi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ta sake dawowa da ita, ciwon dai shi ne. Wannan karon ya ce ɗan akwatin da ke raba wuta a cikinta ne ya yi wa katin kaɗan, giwa ai cinta da yawa. Ya cire shi ya sa wani mai ƙarfi da ya daɗe yana ɓoyo a ƙarƙashin tebur. Ya duba zafi, ya cire ram, ma'ajiyar aikin wucin gadi, ya goge ya mayar, ya yi gwaji har ya gaji da kallo. Babu abin da ya faru. Ranar Auta ba ta yi labari sosai ba. Ta zauna a kujerar roba tana duba wayarta, sau biyu tana fita waje ta amsa kiran ofis, yana jin tana ba wani haƙuri.

Daga nan sai shiru kamar an shuka dusa. Ba kira, ba zuwa. Da farko ya ce wa kansa ai ta warke ke nan. Amma ya san 'yarsa. Da ta warke da ta kira ta ce masa ta warke.

Matarsa ce ta fasa masa ƙwan, suna karyawa da safe.

“Jiya mun yi waya da Auta. Da kwamfutar wata abokiyar aikinta take lallaɓawa, sai waccan ta tashi sannan ita ta zauna. Mijinta ma ya ce ta kai ta sabon shagon nan na kan bene.”

Ya ajiye kofinsa. Shagon kan bene ya san shi sarai, mai ƙofar gilashi da samari masu riga iri ɗaya, waɗanda a ganinsa ba su san komai ba sai murmushi.

“Me ta ce?”

“Ta ce a bari tukuna.” Ta dube shi. “Wai Baban Auta, abin nan a wurinka ba ya yi, a wurinta yake yi. Ka taɓa zuwa ka ga inda take ajiye ta?”

“Mai gyara ba ya bin kaya. Kaya ke bin mai gyara.”

“To zauna nan, kaya za su bi wani mai gyaran. Girman kai dai rawanin tsiya ne, ni na faɗa maka.”

Ya miƙe. Ya tafi shago, ya buɗe, ya zauna yana juya wani noti a tsakanin yatsu. Kafin rana ta yi tsaka ya rufe, ya sa tocila a aljihu, ya tari tasi. Sai da direban ya tambaye shi ina za shi sannan ya gane bai san wurin ba, dole ya kira matarsa ta yi masa kwatance, tana dariya a waya.

Ofishin ɗaki ne mai faɗi a hawa na biyu, da tebura a jere da manyan takardu a nannaɗe cikin kwando. Wata mata mai tabarau ta tarbe shi, da ya faɗi ko shi waye sai ta miƙe tsaye.

“Lah, Baba ne! Sannu da zuwa, Baba. Ta fita duba wani gini, yanzu za ta dawo. Ga kujerarta, zauna.”

Ya zauna. Ga baƙin akwatin nan a tsaye a ƙarƙashin tebur, a rufe ruf. Sai ya ji wani banbaraƙwai, don shi kullum a kwance yake ganinsa, cikinsa a buɗe.

“Ai mun daɗe muna son ganin wanda ya koya mata,” matar ta ci gaba tana zuba masa ruwa. “Duk na'urorin ɗakin nan ita ke gyara mana. Tawa ma watan jiya ta mutu murus, ta buɗe ta, ta canza wani abu a ciki, shi ke nan. Mun daina kiran kowa. Duba durowarta ka gani.”

Bai yi niyya ba, amma hannunsa ya jawo durowar. Sukudirebobi manya da ƙanana a jere, da ɗan burushi, da man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar na'ura don zafi, da wani ƙaramin gwangwani na notuna. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

“Tata fa?” ya tambaya.

“Tata ce kawai ba ta taɓawa. Mun yi mun yi, ta ce a'a. Har tsokanarta muke yi, wanzami ba ya son jarfa.”

Ya mayar da durowar a hankali. Yana nan zaune Auta ta shigo da hular kwano a hannu, takalmanta duk siminti. Ta tsaya cak a bakin ƙofa.

“Baba? Lafiya? Mama ce?”

“Lafiya lau. Kunna min ita, ki yi abin da kike yi in gani.”

Ta jawo wata kujera kusa da shi, ta kunna, ta buɗe aikin. Sai ga wani gini ya fara fitowa a fuskar kwamfuta, makaranta ce ta ƙananan yara. Hoton ya shiga ta ƙofa, ya bi baranda, ya shiga aji. Tagogin a ƙasa-ƙasa suke, daidai tsayin yaro. Hasken rana ya faɗo kan bencina, har inuwar ganyen bishiya tana motsi a bango.

“Ke kika yi wannan?”

“Ni ce. Tagogin na sha faɗa a kansu, wai sun yi ƙasa da yawa. Na ce ai ba don malamai aka yi su ba.”

Ya manta abin da ya kawo shi. Ya matso da fuskarsa yana bin barandar, yana son ya ga inda za ta ɓulla. Sai fankokin suka ɗaga murya, fuskar ta yi baƙi ɗif.

“Ka gani ko,” in ji ta a hankali.

Ya sauko daga kujera ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya shafa gefen akwatin da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, ya sake shafawa. A daidai tsakiya murfin ya ɗan turo waje, kaɗan ne ƙwarai, ido ba zai gani ba sai hannu. Wurin da ɗumi.

“Kashe wutar,” ya ce. “Ba ni sukudireba.”

Ta dubi mai tabarau, wadda nan take ta duƙufa a kan takardunta kamar ba ta taɓa yin magana a duniya ba. Auta ta jawo durowar ta miƙo masa. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ga bakinsa ya sha aiki. Sai ya mayar mata.

“Ke buɗe. A tsaye, kada ki kwantar da ita.”

Ta durƙusa kusa da shi. Yana kallon yadda take kwance noti, tana tare shi da yatsa kafin ya faɗi, tana ajiye kowanne a jere. Da na ƙarshe ya fita, murfin ya yi tsalle da kansa. Ya haska tocila. A cikin murfin akwai wata doguwar ƙujewa inda fenti ya goge. Igiyar wutar katin ta lanƙwashe ta kwanta, kanta ya karkace a cikin soket, gefe ɗaya a ciki, gefe ɗaya ya ɗago. Robar wurin har ta fara canza launi.

Ba sai an yi masa bayani ba. Katin ya shiga akwatin, gaskiya ne, amma bai bar wa igiyarsa wuri ba. Duk lokacin da aka rufe murfi sai ya danne ta ya ture kanta. In aiki mara nauyi ne, ɗan abin da ya taɓa ya isa. In katin ya nemi wuta da yawa, sai ta yanke. Shi kuwa duk dawowar da aka yi, da ya buɗe sai ya danna igiyar da yatsa ta koma wurinta, ya yi ta gwaji a buɗe, sannan ya rufe da hannunsa ya mayar da ciwon. Ya zagi manhajar direba, ya zagi akwatin wuta, ashe mai laifin yana tsaye a bakin tebur da tabarau a hanci.

Ya zauna a ƙasa sosai, ya jingina da ƙafar tebur. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaron shago.

“Kin auna,” ya ce. “Kin faɗa min.”

“Baba, ai katin mai kyau ne. Akwatin ne ya yi masa kaɗan. In aka samu mai faɗi shi ke nan, ko a canza igiyar da mai lanƙwasasshen kai.”

“Kin san da wannan?”

“Na yi zargi. Tun dawowa ta biyu.”

“Kin yi zargi, ga kayan aiki a durowa, kika zauna kina aron ta mutane, ana kiranki kina ba da haƙuri? Me ya hana ki buɗewa?”

Ta sunkuyar da kai tana jera notunan da suka riga suka jeru. “Kai ka rufe.”

Mai tabarau ta tashi ta ce bari ta je ta karɓo wasu takardu a ƙasa, ta fita ta jawo ƙofa. Allah ya yi mata albarka, mace mai hankali.

Ya daɗe yana kallon cikin akwatin. Gyaran ba wani abu ba ne, yarinyar nan za ta yi shi kafin ya gama neman tabaransa. Wannan kuma da na gaba, da duk wanda zai biyo baya. Abin da ya daɗe yana tsoro ya riga ya faru tun tuni, shi ne kawai bai samu labari ba. Sai ya ji bakinsa ya faɗi abin da bai shirya faɗa ba.

“To yanzu me zai riƙa kawo ki shago?”

Ta ɗago ta dube shi. Ya ga idonta ya kawo ruwa, amma ba ta kawar da kai ba.

“Baba, na sha zuwa haka kawai. Lokacin da na fara aiki, kusan duk mako. Da na zauna sai ka ce, ‘Lafiya? Me ya lalace?’ In na ce ba komai, sai ka ce to in gaida gida, kana da aiki.” Ta goge ido da bayan hannu, ta bar zanen ƙura a kumatu. “In na zo da ita kuwa, yini muke yi.”

Ya so ya musa. Ya nemi rana ɗaya da zai kafa hujja da ita, bai samu ba. Abin da ya samu shi ne muryarsa, yadda take fita a gaggauce, kansa a sunkuye a kan na'urar wani.

Ya miƙa hannu ya gyara kan igiyar, ya danna ta har ta zauna, ko da yake ya san sai an canza ta. Ya ɗauki murfin ya jingine shi da bango.

“Bar ta a buɗe tukuna, ki gama wa mutane makarantarsu.”

“To Baba.”

Ya dafa tebur zai tashi, gwiwa ta ƙi, ta kama hannunsa ta ɗaga shi. Ya kakkaɓe wandonsa, ya sa tocila a aljihu, ya yi taku biyu zuwa ƙofa, sannan ya tsaya bai juyo ba.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

“Gobe ba ni da aiki.”